Katin asibitin Inna na Neja

Mahaifiyata ba ta ajiye abu a wuri ɗaya. Tun da ɓarayin daji suka koya wa mutanenmu hankali ta mai da shi doka: masara rabi a garinmu Kuyello, rabi a gidan ƙanwarta cikin Birnin Gwari, hatta tukwane sai ta raba su gida biyu. Mukan tsokane ta cewa da ana raba mutum, da ni ma ta kai rabina ajiya.

Lokacin da abin ya tsananta ta koma jihar Neja wajen wata 'yar'uwarta. A can aka gano tana da hawan jini, aka yi mata rajistar inshorar lafiya, aka ba ta kati mai hotonta, ta haɗe rai a ciki kamar akuya ta ci mata shanya.

Da gari ya ɗan lafa ta dawo gida, amma ta bar awakinta a can. Maganinta ya kusa ƙarewa, ƙafafunta sun fara kumbura, sai na ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Birnin Gwari don a yi mata rajistar nan. A hanya ta zungure ni.

"Kada ka ce musu ina da wani katin."

Na ce to. Ni ma ban ga laifin abin ba, asibiti biyu ai ya fi ɗaya.

Tana ɗora yatsa a kan na'urar rajista, ma'aikaciyar ta yi murmushi.

"Mama, ai kina da rajista a Neja."

Inna ta juyo ta watsa mini harara.

"Wallahi ban ce uffan ba," na ce. "Yatsanki ne ya tona ki."

Ma'aikaciyar ta yi mata bayani a hankali. Mutum ɗaya rajista ɗaya, in ba haka ba ta tare gurbin wani mara lafiya a can. Sai an soke waccan kafin a ba ta magani da katin nan.

Inna ta ce sam. Ta ce ita ba ta saci komai ba, duka biyun fuskarta ce. Ta kawo misalin masararta, har mutanen da ke kan layi suka fara dariya, wani tsoho yana cewa gaskiyarta. Ni kuwa haushi ya fara kama ni, ga rana, ga ƙafarta a kumbure.

Sai ta rage murya.

"'Yar nan, in na soke na can, aka sake koro mu, wa zai ba ni magani?"

Dariyar ta tsaya. Ma'aikaciyar ta ce in hakan ta faru, Allah ya kiyaye, sai a mayar da rajistar can. Amma ni na gane ba maganar magani kaɗai ba ce, kuma tausayinta ya kama ni ƙwarai. Inna ta dawo gida, sai dai zuciyarta ba ta yarda ta zauna ba.

Ta daɗe tana juya katin a hannu. Can ta ajiye shi a kan tebur.

"Soke shi. Na gaji da gudu."

Muka karɓi magani muka fito. Kafin in tayar da babur ta ce, "Kira mini 'yar'uwata ta Neja. Ka ce ta sa awakina a mota ranar kasuwa, duka."