Tukunyarmu ta Abbasiya

Mu biyar, ɗalibai, muke haya a wani gida a unguwar Abbasiya, a ƙasar Misrawa, a shekarun da aka yi ta zanga-zanga har muka gaji da leƙe ta taga. Tukunya ɗaya muke ci, mai iko da ita kuwa shi ne babbanmu, wanda muke kira Shehi, ba don ilimi ba, sai don ya fi mu gemu da daɗewa a aji ɗaya. Yau shinkafa da mai da yaji, gobe taliya, jibi a koma shinkafa. Ful, waken da Misrawa ke karya kumallo da shi, ya ce yana dakushe hadda. Ganye kuwa, wai ɗalibin ilimi ba ya ratsa titi da ƙunshinsa a hammata kamar mai kiwon akuya. Ga mulukiyya jibge a kasuwa, lalo ne dai irin namu na gida, amma mu wuce muna hura hanci.

Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ɗan Maraɗi ne, duk ya fi mu kai, kuma yana shekarar ƙarshe. Sai ya fara yin shiru. Ya daina zuwa aji, ya daina wanka sai an matsa masa, yana kwance ido buɗe yana kallon bango. Ya ce da ni ba abin da ke masa ciwo, kawai komai ne ya fita daga ransa.

Shehi ya leƙo, ya shafa gemu. "Raunin imani ne, ya akhi. Khalas, shi ke nan. Ya ƙara azkar."

Da azkar ɗin bai tashe shi ba, sai aka koma aljani. Aka yi masa ruƙiyya, aka ɗura masa man habbatussauda har ya yi amai. Shehin da ko Nahawu ya gagare shi, shi ne ya zama likitanmu.

Wani ɗalibi ɗan Sin da ke saman benenmu ya ga ɗan Maraɗin zaune a matakala. Ya ja ni gefe, ya ce da Larabcinsa mai sanyi shi ma ya taɓa yin irin wannan, kuma ya san wata likita a unguwar Mohandessin. Muka kai shi. Ta daɗe tana masa tambayoyi, ta sa aka ɗebi jini. Ta ce ciwon damuwa ne, cuta kamar kowace cuta, kuma jininsa ya yi ƙarancin folet, wani sinadari da ake samu a ganye da wake, wanda rashinsa kan ƙara wa ciwon nauyi. Da ta tambayi abin da muke ci, na faɗa mata, ta dube ni ta saman tabarau. Kunya ta kama ni.

Ta ba shi ƙwayoyi iri biyu. Ni kuma na ratsa titin nan da ƙunshin mulukiyya a hammata, Shehi na tsaki a baranda. Sannu a hankali mutumina ya fara tashi. Ran da na ji yana bitar karatu a kicin, daɗi ya kashe ni.

Sai Shehi ya ga kwalin maganin. Bai tambayi kowa ba, ya buga waya Maraɗi, ya shaida wa mahaifin mutumina cewa ɗansa na shan maganin mahaukata, bisa shawarar wani ɗan Sin. Dattijo ya ruɗe, ya ce a sa shi a jirgi. Na roƙa a bari ya yi jarrabawa, ta kusa.

"Ma'alish, sai haƙuri," in ji Shehi. "Amana ce na sauke. Addini nasiha ne."

Ni na raka mutumina filin jirgi. Bai zagi kowa ba, ya ce dai in riƙe masa littattafansa, zai dawo. Bai dawo ba, gurbin karatunsa ya tafi. Da na koma gida na tarar Shehi ya riga ya kwaso katifarsa zuwa ɗakinmu, wai gadon nan ya fi samun iska.