Tsohuwa Mai Juya Ganye

A kasuwar Deptford, Luba na tsaye gaban dashen itacen magnoliya biyu da iska ta kwashe musu takardun suna. Ɗaya zai tsaya daidai ɗan lambunta, ɗayan sai ya wuce rufin gida, amma a idonta duk ɗaya ne.

Wata tsohuwa mai jar hula ta matso, farcenta cike da ƙasa. Ta juya ganye tana shafa bayansa: wannan ja-ja, da laushi kamar karan-miski, wancan kore sumul. Luba ta saki baki. Lallai yatsun nan sun daɗe cikin lambu.

"Ɗauki jan nan, 'yata," in ji ta da Turanci. "Irin wancan ne a gidana. Shekara ashirin tagata ba ta ga rana ba."

"Ba ki sare shi ba, Mama?"

"Mijina ne ya haƙa ramin."