Tsoron da Is'haƙa Ya Kwaso a Lakkwal

Is'haƙa direba ne tun yana saurayi. Tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya ta san kowane rami tsakanin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa. Ranar kasuwa yakan jera buhunan hatsi har su zarce kan mota, mutane su hau bisa su zauna, shi kuwa ya ba ta wuta. Bai taɓa faɗuwa ba, don haka bai san fargaba ba.

A lakkwal, wato makarantar boko, ya gamu da ita. Wata rana da damina hadari ya haɗo, ya biya ɗaukar ɗiyarsa Afra'u, ya tarar ba a tashi ba. Malaminsu, Mushe Kamaluddeen, ya ce ya shigo ya fake. Ya raɓe a bayan aji.

An haska hoton ordinata, wato kwamfuta, a bango: mota na gudu, ɗan mutum zaune bisa kaya.

"Abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tsai da shi," in ji Mushe. "Burki kuwa mota yake kamawa, ba ruwansa da na bisa."

Ya danna. Mota ta tsaya cak, ɗan mutumin ya wuce gaba ya faɗi kan kwalta. Yara suka kwashe da dariya. Is'haƙa kuwa ya ƙura wa hoton ido.

"Mushe, ƙara mata gudu mu gani," ya ce, muryarsa ciki-ciki.

"To, Baba. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa huɗu take ninkawa."

Aka maimaita, aka kuma maimaita. Is'haƙa ya yi ta jiran karon da ɗan mutumin zai tsira, har aka tashi bai gani ba.

Ranar kasuwar da ta biyo, ya tsaya yana kallon masu hawa. Duk ya san su, har wata tsohuwa mai sai da daddawa da takan kira shi ɗanta. Ya ja mota kamar mai ɗauke da ƙwai, na bisa suna dukan rufi suna cewa rana na yi. Dab da shiga gari amalanke ya faɗo hanya. Ya taka burki. Sai ya ji wani abu mai nauyi ya daki gaban mota ya gangara ƙasa.

Ya kasa buɗe ƙofa. Ya runtse ido yana ta salati, yana jiran kururuwa, har wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Mi ya same ka, direba? Buhun wake ne."

Is'haƙa ya fito ya zauna gefen hanya. Sai da ya duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya iya tada mota.

Tun ranar bai ƙara barin kowa ya hau bisa kaya ba. 'Yan tasha suka laƙaba masa Kunkuru, masu sauri suka koma wasu motoci. Matarsa Balki ta ce iska ce ta taɓa shi, ta karɓo masa rubutu. Ya shanye bai yi musu ba, amma tsoron na nan.

Har yau yana bin hanyar. In wata mota ta wuce shi da mutane jingim a bisa, sai ya sauka gefe, ya jira ta ɓace masa.