Na Amsa wa Tsuntsu a Khaibar

'Yan uwa, wa ya koya wa tsuntsun Khaibar fiton mijina Malam? Har yanzu na rasa amsa. Jikata Maryam ke rubutawa, ni ina faɗa.

Yau yara suka ɗauke ni daga Madina zuwa tsohon kurmin dabinon nan na Khaibar, wai in rage kuka. Samarin cikinsu suka hau kekuna suka ɓace. Aka zaunar da ni kusa da wasu baƙi masu kallon tsuntsaye, kowa da madubin hangen nesa. Tun safe suke jiran wani tsuntsu ya sauko.

Sai na ji fito daga saman dabino. Haka marigayi mijina yake kirana in kai masa shayi idan yana aiki a gona a unguwar Awali, ni kuwa kullum faɗa nake masa, fito ba na dattijo ba ne.

Ban san na miƙe ba. Na ɗaga murya: "Na'am, Malam, ga ni nan!"

Fir, tsuntsu ya tashi. Baƙi duk suka juyo. Maryam ta ja mayafina: "Ya sitti, kakata, kin kunyata mu." Wani dattijo cikinsu ya tambaya da wa nake magana. Na ce da mijina. Bawan Allah ya ɗaga madubinsa yana nemansa a saman dabino.

Na yi dariya har ta koma kuka. Na tuna ranar ƙarshe a asibiti, Malam ya haɗa leɓe zai kira ni, iska kawai ta fita. Ya ce, "Hajiya, yau ya ƙi. Matso da kanki."