Ragon da Bai Shiga Layya Ba

Maƙwabcina a Unguwar Mu'azu ya zama likitan dabbobi ne bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri. Ba wanda ya koya masa. Sirinji ya saya, ya rataya tsohuwar jakar makaranta, unguwa ta fara kiransa Dakta. Ni da na shekara talatin riƙe da alli ban taɓa ganin ƙarin girma mai sauƙi haka ba.

Shekarar da na yi ritaya na turke rago ɗaya don layya, fari sol, wata tara ina ɗura masa dusa da harawa. Saura wata guda Sallah ya kama tari. Na je asibitin dabbobi, wata ma'aikaciya ta ba ni magani, ta yi min darasi irin wanda nake so: sabuwar allura, a riƙe dabba gam, a yi a gefen wuya. Kada a kusanci cinya, akwai jijiya a wurin. Ta ce gobe za ta zo ta yi da kanta. Na ajiye kwalbar a taga, na tafi sallar La'asar.

Ina dawowa na iske Dakta a tsakar gidana, ya danne ragon da gwiwa, yana goge allura a bakin rigarsa.

"Malam, na hutar da kai. Ta katanga nake jin tarinsa."

"A ina ka yi masa?"

"A cinya mana, inda nama yake. Ku 'yan boko komai sai kun buɗe littafi."

"Allurar sabuwa ce?"

"Tun safe take aiki, ba wanda ya kawo ƙara."

"Awaki ba sa kawo ƙara, Dakta."

Tari ya warke, ƙafar baya ta mutu. Ragon ya riƙa jan ta, kofato na zane a ƙasa. Ma'aikaciyar ta duba ta ce an taɓa jijiyar, da wuya ta dawo. Ana jibi Sallah na kira limaminmu, na kora ragon ya taka a gabansa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, ka san hukuncin. Gurguntar ta fito fili, ba ya layya."

Ranar Sallah Dakta ya shigo da nama a faranti, cinya guda, don rashin ta ido.

"Ƙaddara ce, Malam."

"Ita ce. Na ma gan ta, da jakar makaranta ta shigo."

Ya fita da farantinsa.

Ragon yana nan, ban sayar ba, ban yanka ba. Kullum da safe nakan ɗaure shi a ƙofar gida, daidai hanyar masu kai wa Dakta dabbobi, in shimfiɗa tabarma kusa da shi. Duk wanda ya tambayi abin da ya sami ƙafarsa, nakan yi masa bayani dalla-dalla, in maimaita don na baya su ji.