Biron da Injiniya Ya Gyara

Injiniya ake ce masa a layinsu, ko da yake bai taɓa zama ajin injiniyoyi ba. Mai gyaran wuta ne, a hannun yayansa ya koyi sana'ar, kuma rabin fankokin unguwar sun san yatsunsa. Abu biyu yake tsoro a duniya: wayar da aka bari tsirara, da tari. Yayan nan nasa sigari ce ta cinye masa ƙirji, kuma Injiniya ne ya yi jinyarsa har rai ya yi halinsa. Tun daga nan ko babban baƙo ne ya zaro karan sigari a gidansa, sai ya raka shi ƙofa. 'Ya'yansa manya sun kama gabansu, saura Auta, 'yar sakandare, wadda uwarta ke cewa shi ya sangarta ta.

Wata rana wata mai zane ta ɗauke shi aiki a wani ɗakin baje koli. Ba zanen fenti ba ne. Bango guda za a cika da ƙananan ƙwayayen fitila, su tsaya a madadin yaran makaranta masu zuƙar sigarin lantarki. A gaban bangon akwai maɓalli irin na rediyo, mai kallo zai murza shi daga shekarun baya zuwa bana. Injiniya bai damu da ma'anar ba, shi dai ya ja waya, ya ɗaure, ya naɗe.

Ranar gwaji mai zanen ta ce shi zai fara murzawa. Da farko 'yan fitilu ne jefi-jefi. Ya ƙara murzawa, suka yi ta yaɗuwa kamar ƙyanda, har da ya iso bana hasken ya sa shi ƙifta ido. Ya yi raha cewa yaran nan za su ƙona masa fis. Ita ba ta yi dariya ba, sai ta nuna masa wani maɓallin da ke ware shekaru, da maza da mata. Ya murza zuwa sa'annin Auta, yana jiran bangon ya yi duhu. Bai yi ba.

Ya ce mata shi kam bai taɓa ganin sigarin lantarkin ba, kuma hancinsa ba ya kuskuren warin taba. Ta ce ai ba ya wari, ƙamshin alewa yake yi, ko na mangwaro. Ta ja shi gaban wani akwatin gilashi cike da waɗanda malamai suka ƙwace a hannun ɗalibai. A can ƙuryar akwatin ya hango wani mai launin ruwan hoda, kamar biro mai kauri.

Nan take ya gane shi. Watannin baya Auta ta kawo masa irinsa sak, ta ce biro ne mai naɗar darasi, na ƙawarta, ya ƙi yin caji. Shi ya zauna ya liƙe bakin da dalma, ya miƙa mata yana cika baki, har ya yaba ƙamshinsa.

Ya bar akwatin kayan aikinsa a buɗe ya hau babur. A hanya ba abin da yake ji sai ɗan tarin nan da take yi da safe, wanda ya ɗora wa fanka laifinsa. Ya tarar da ita tana wanke kayan makaranta. Ya tsuguna gabanta.

"Auta, biron nan da na gyara miki, yana ina?"

Ta daina cuɗa rigar. Ya yi zaton za ta musa, har ya fi son ta musa. Sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, na jefar da shi. Na sake samo wani. Idan ban zuƙa ba kaina sarawa yake, ba na gane karatu."

Uwarta ta fito daga ɗaki tana salati, tana neman abin duka. Shi ya tare ta, ya ce duka ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jini. A ranar suka je asibiti. Likita ta saurari ƙirjin, ta ce da sauran dama, amma kada su ɗauka wasa ne, rabuwa da abin nan sai an sha fama.

An kuwa sha. Auta ta yi ta faɗa da kowa, ta yi kuka, ta koma ta zuƙa a bayin makaranta, ta dawo ta faɗa masa da bakinta. Injiniya ya ƙarasa aikin bangon, amma bai je bikin buɗewa ba. Yanzu tarin ya ragu. Kullum da yamma shi yake ɗauko ta daga makaranta, tana ƙunƙuni a bayan babur cewa ya mayar da ita 'yar firamare, shi kuma yana cewa ta riƙe shi da kyau.