Ƙarfen da Ya Gagari Magagarin Kawu

Ƙanwata ta dawo daga karatun injiniya da wani abu ƙulle a bakin mayafi. Ni na tarbo ta a tashar Dutsin-Ma. Tun a mota, hanyar Kurfi, take zungurina tana ƙyalƙyala dariya. "Yaya, bari dai mu isa gida ka sha kallo."

Ko ruwa ba ta gama sha ba ta kwance ƙullin. Ƙarafa biyu ne, kowanne kamar murfin kwalba, ɗaya na sheƙi, ɗayan toka-toka mai kaushi. Ta ce sunan ƙarfen taitaniyam. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, har jirgin sama ake ƙerawa da shi. Aibinsa, in yana gugar wani ƙarfe sai shi ya riƙa cinyewa. Aikinta shi ne a narka wani gari mai tauri cikin harshen wuta, a fesa masa da ƙarfi, ya manne ya zame masa riga. Mai tokar shi ne wanda aka fesa wa.

Inna, kakarmu, ta jujjuya mai tokar a tafin hannu. "To, yaɓe ke nan. Duk shekarun nan yaɓe kika tafi koyo?"

Muka kwashe da dariya, ƙanwata har da hawaye. "Yaɓe ne, Inna, amma gwada kankare shi."

Inna ta kai su kan dutsen niƙa. Mai sheƙin nan da nan ya yi zane-zane. Ɗayan kuwa ta gurza, ta gurza, ɗankwali ya zame, dutsen ne ma ya fara fitar da gari. Ta ce a kira mata Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, maƙeri, kuma bai taɓa yarda akwai ƙarfen da ya fi ƙarfinsa ba. Ya shigo da magagari a hannu, ya naɗe hannun riga. "Ɗiyata, kada ki yi kuka in na ɓata miki abin wasa."

Ya danne mai tokar da awartaki ya hau goga. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata ta soma tafi tana bin ƙarar, sauran suka ɗauka. Gumi ya jiƙa masa hula. Da ya tsaya ya shafa magagarin da babban yatsa, sai ya ji haƙoran sun kwanta sumul. Ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙanwata, sai ya fashe da dariya har ya zauna daɓas a bakin turmi. Inna ta rangaɗa guɗa.

Ya ce lallai a fesa wa garmarsa. Inna ta ce tukunyarta ce farko. Ƙanwata ta yi ta bayani cewa injin fesawar ba zai shiga zaurenmu ba, babu mai saurarenta.

Kawu bai mayar da ƙarfen ba. Ranar kasuwar Kurfi na same shi a rumfar maƙera, mutane sun kewaye shi, yana miƙa wa kowa yana cewa, "Kawo magagarinka, aikin ɗiyata ne."